Kwali a Gurbin Na Sha Bakwai

Liman bai sallame sallar Juma'a ba mutanen sahun baya suka fara jin ƙaurin hayaƙi. Kafin a isa bakin tasha, rumfar Shamsu mai hayar littattafai ta zama toka, wutar kuma ta tsallaka shagon da ke manne da ita. Da aka ɓalle ƙofar shagon sai aka tarar da Audu tela kwance a tabarma bayan keken ɗinkinsa. Zazzaɓi ne ya hana shi zuwa masallaci ran nan. Wuta ba ta ci jikinsa ba, hayaƙi ne ya yi ajalinsa.

Babu wanda bai san rumfar nan ba a Madarumfa. Shekara goma sha ɗaya Shamsu ya yi yana tara littattafan zane, irin waɗanda ake bugawa daga fim ɗin zane da ake nunawa a tele. Waɗanda suka fi farin jini su ne na wata jaruma mai shuɗin mayafi, wadda ke nutsewa ƙarƙashin teku tana numfashi kamar kifi, tana ceto jirage. Sunanta na Faransanci ya yi wa yara nauyi a baki, sai suka sa mata Shuɗiya. Ranar Asabar a kalle ta a tele, sauran kwanaki a bi labarinta a littafi, kowane littafi da lambarsa.

Kwana tara kafin gobarar, Sakina ɗiyar Ilyasu masunci, mai shekara tara, ta ɗaura shuɗin ɗankwalin uwarta a wuya, ta tura kwalekwalen ubanta cikin tafki, ta faɗa ruwa. Uban ne da kansa ya tsamo ta da yamma. Ranar sadakar uku, a gaban jama'a, ya ce wallahi sai ya ga tokar littattafan nan.

Saboda haka tun ba a gama watsa ruwa ba sunansa ya fara yawo a bakin mutane.

"Wa ya gan shi a masallaci?"

"Ai tun da yarinyar ta rasu bai sake shiga sahu ba."

"Ga kwalbar isansi nan a ƙasa, tana warin fetur. To Audu mi ya yi masa?"

A bakin tafki aka samu Ilyasu zaune shi kaɗai. Bai gudu ba. Da Ajidan Illo, babban jandarman garin, bai iso da wuri ba, da rai biyu aka rasa ran nan. Ajidan ya sa shi a mota, ya gaya wa jama'a cewa ranar Litinin za a kai shi Maraɗi gaban alƙali.

*

Bayan la'asar Ɗelu matar Ilyasu ta yi sallama a gidan Maman Mai Sawu. Tsoho ne da ya ci ƙuruciyarsa a dajin Gabi yana bin sawun shanun sata. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Lambobi kawai ya sani, su ma wayar hannu ce ta koya masa.

"Baba, ba shi ba ne," in ji Ɗelu.

"Kin gan shi lokacin salla?"

"Ban gan shi ba."

"To ɗiyata, da mi kika sani?"

"Mutumin da ko abinci sai na sa masa a hannu? Rantsuwar nan ta baƙin ciki ce. Ɗiya ta tafi, in aka tafi da shi ni kaɗai zan saura a gidan."

Maman ya ce bai taɓa riƙe irin littafin ba, ko za ta kwatanta masa. Ɗelu ta waiga ƙofa, ta zaro wani abu daga cikin mayafinta.

"Ƙarƙashin matashinta na same shi. Ubanta bai san yana wurina ba. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ya kamata ta mayar."

Maman ya karɓa da hannu biyu. A bango ga jarumar ta miƙe hannuwa tana nutsewa, mayafi na bin ta a baya, a saman kusurwa kuma ga lamba sha bakwai. Bai daɗe a kan zanen ba. Tsakiya ya buɗe, ya shafa ƴan ƙarafuna biyu da suka ɗinke takardun.

"Duka haka ake ɗinke su?"

"Duk waɗanda ta taɓa kawowa haka suke."

"Mayar da shi inda kika ɗauko. In na aiko, ki zo da shi."

*

Da hantsin Asabar, bayan an kai Audu makwancinsa, Maman ya ari rariya a wurin wata mai ƙosai, ya tsuguna cikin tokar rumfar yana tankaɗewa. Mutane suka kewaye shi.

"Baba, tuwon toka za a yi?" in ji wani ɗan kabu-kabu.

"In ya nuna zan kira ka."

Ya samu ƙusoshin kanta, da kwaɗon ƙofa, da hannun buta. Ya tankaɗe gaba, ya tankaɗe baya. Littafi wajen ɗari uku aka ce sun ƙone a nan, amma ƴan ƙarafunan da ya tara ba su rufe tafin hannunsa ba. Ya zuba su aljihu, ya mayar wa mai ƙosai rariyarta.

Shamsu yana zaune a kan dutse nesa kaɗan, idanunsa sun kumbura. Matashi ne siriri mai sanyin magana, wanda ya bar lakwal a aji na huɗu na kwaleji da ubansa ya rasu. Maman ya zauna kusa da shi.

"Allah ya mayar da alheri, Shamsu."

"Amin, Baba. Littattafan ba komai ba ne. Baba Audu ne." Ya share fuska da hannun riga. "Shi ya ba ni jikin bangonsa na kafa rumfa. In littafi ya yage shi ke ɗinke mani, bai taɓa cewa in ba shi komai ba."

"Kai ina kake da wutar ta tashi?"

"Masallaci. Sahun baya, na makara."

"Littafi ɗari uku, yara kuma ba hankali. Ba sa ɓatar maka?"

A nan ne Shamsu ya ɗago kai, kamar an taɓa masa wurin da bai mutu ba tukuna.

"Ko ɗaya bai taɓa ɓata ba, Baba. Kwali nake yankawa daidai girman littafi. Wanda zai ɗauka sai ya rubuta sunansa da hannunsa, in sa kwalin a gurbin littafin. In na duba kanta ban ganin rami. A wurina kwalin nan littafin ne, har ranar da zai dawo."

"Madalla da tsari," in ji Maman.

*

Malam Abdurrahman shi ne ya fi kowa yin wa'azi a kan littattafan, don haka wasu na raɗa cewa ko shi ya tura. Maman ya same shi a zaurensa.

"Ni?" in ji Malam. "Sahun farko nake, bayan liman, rabin gari shaida ne. Kuma mi zai sa in yi a ɓoye abin da za mu yi a sarari?"

"A sarari kamar yaya, Allah gafarta Malam?"

"Ranar Alhamis na kira yaron nan Shamsu, ni da shi kawai. Na ce dattawa sun yanke, bayan Juma'a za mu zo mu kwashe littattafan mu ƙone a gaban kowa, hankalin iyaye ya kwanta. Ban ji daɗin faɗa masa ba. Ɗiyana ma na kama su da guda biyu cikin jakar allo." Ya girgiza kai. "Ya ce to. Ilyasu ne bai yi haƙuri ba, ya riga mu, ya haɗa da ran bawan Allah."

"Ilyasu ya san da shawarar?"

"Ba wanda ya sani sai mu huɗu, sai shi mai rumfar."

Daga nan Maman ya wuce wurin Ajidan Illo, ya zazzage masa ƙarafunan a kan tebur, ya ce littattafan ba su ƙone ba, kwashe su aka yi kafin a sa wuta.

Ajidan ya buga tebur. "Zakari! Ɗan kasuwar nan na Ɗan Issa. Sau uku yana neman Shamsu ya sayar masa da su ya kai Katsina."

Ya ɗauki waya. Kafin shayinsu ya huce amsa ta zo. Tun safiyar Juma'a Zakari yana bakin iyaka ana sauke masa kaya ana dubawa, bai samu kansa ba sai bayan la'asar.

"To mun koma kan Ilyasu," in ji Ajidan.

"Mu koma kan ƙasa," in ji Maman. "Ita ba ta da wanda take ƙi."

*

Gaban rumfar masu kashe wuta sun tattake komai. A bayanta kuwa akwai ƴar hanya da ta ratsa gonakin gyaɗa ta nufi tafki, ƙasar da sauran laimar ƙarshen damina. Maman ya yi gaba a sunkuye, Ajidan na biye.

"Ga shi," in ji Maman. "Takalmin roba."

"Irin wanda ke ƙafar kowa."

"Haka ne. Amma dubi tafiyarsa. Da zai je taku gajere, dunduniya ta nutse, kaya ne a kansa. Da zai dawo taku ya buɗe. Sau biyu ya yi. Ga kofaton awaki a bisa sawun, ke nan kafin a saki awaki da hantsi ya wuce."

"Gari a waye, ba wanda ya gan shi?"

"Lokacin cirar gyaɗa ne. Wa ke kallon mai buhu a ka?"

Suka iso wani kwararo da ruwa ya kwanta, bai kai idon sawu ba. Sawun bai ratsa ba. Ya kewaya ta cikin ƙaya, taku wajen talatin, sannan ya dawo hanya.

"Masunci ba ya kewaye ruwan da bai kai idon sawu ba," in ji Maman.

"Baba, wannan ba abin da zan kai wa alƙali ba ne."

"Gaskiyarka."

Sawun ya ƙare a wani tsohon ɗakin injin ban ruwa da aka daina amfani da shi. Daga ƙofarsa ana hango kwalekwalen Ilyasu a ɗaure, bai fi jifa ɗaya ba. Ajidan ya sauke numfashi.

"Ka zo kwance shi, ka ƙara masa igiya."

A ciki ga buhu biyu, ba a ƙasa ba, a kan bulo huɗu da aka jera. Maman ya kwance bakin na farko a hankali. Littattafan suna naɗe cikin leda, an cusa ganyen dogon yaro tsakaninsu saboda gara. An ɗaure su dami-dami da robar tayar keke. Ya duba damin farko, daga ɗaya zuwa goma, ba wanda ya tsallake ɗan'uwansa. Ya ɗauki na biyu, ya bi lambobin da ɗan yatsa. Sha biyar, sha shida. Sai ya tsaya.

"Ajidan, karanta mani wannan."

Ajidan ya karkata kwalin wajen haske. Rubutun yaro ne, manyan baƙaƙe da suka hau suka sauka.

"Sakina Ilyasu."

Maman ya mayar da kwalin daidai inda yake, ya daɗe a tsugune bai tashi ba.

*

Ranar Lahadi da hantsi aka taru a zauren mai unguwa. An kawo Ilyasu, ga Malam Abdurrahman, ga Zakari da ya zo yana ƙorafin an ɓata masa suna, ga Shamsu a gefe. Jama'a sun cika ƙofa. Ɗelu tana tsaye daga waje, jikin bango.

Jandarma biyu suka shigo da buhunan suka zazzage a tabarma. Zauren ya ɗauki salati. Maman bai kalli littattafan ba, fuskoki yake kallo. Kowa ya miƙa wuya yana leƙe, mutum ɗaya ne ya sunkuyar da kai.

Maman ya faɗi yadda ya tankaɗe toka, da yadda sawu ya kai shi, da yadda ya tarar da kayan. Ya faɗa a jere, bai ɗaga murya ba. Sannan ya ɗauki dami na biyu.

"Kowane dami goma ne. Wannan kuwa littafi tara ne, da kwali ɗaya a gurbin na sha bakwai. Zakari, da kai ne ka ɗaure, ya za ka yi da kwalin?"

"In jefar mana! Wa zai sayi kwali a Katsina? In ciko da wani littafin dami ya cika."

"Malam fa?"

"Ni da wuta zan kai su, ina ruwana da ɗauri, balle ganyen dogon yaro."

"Ilyasu?"

Ilyasu ya ɗago jajayen idanu. Tun Juma'a sai yanzu aka ji muryarsa.

"Mi aka rubuta a jiki?"

"Sunan ɗiyarka. Da hannunta."

Ilyasu ya miƙo hannu, sai kuma ya janye, ya rufe fuska.

"Mutumin da bai san lamba ba ba zai jera su lamba bayan lamba ba," in ji Maman. "Mai ƙin su ba zai tsare su daga gara ba. Ɓarawo kuma ba ya ƙidaya kwali. A garin nan mutum ɗaya ne ya ce mani kwali littafi ne har ranar da zai dawo."

 Maman ya leƙa waje ya ce, "Ɗiyata, shigo da shi."

Ɗelu ta tuɓe takalmi ta shigo, ta durƙusa gaban Shamsu, ta ajiye na sha bakwai a kan tabarma.

"Ga littafinka. Ta ce Asabar za ta mayar. Mun makara, ka yi haƙuri."

Hannun Shamsu ya tafi da kansa. Ya ɗauki littafin, ya share bangon da gefen riga, ya zare kwalin, ya zura littafin a gurbinsa. Sai da ya gama ya ga abin da ya yi a gaban mutane. Kwalin ya faɗi daga hannunsa.

"Na ɗauka Baba Audu ya tafi masallaci," in ji shi. "Kullum Juma'a shi ke riga kowa fita saboda ciwon ƙafarsa. Na ga ƙofar a rufe. Wallahi na ga ƙofar a rufe."

"Ba ka buga ba?" in ji Ajidan.

"Ban buga ba. Sauri nake yi." Ya juya wajen Malam. "Kun ce za ku ƙone su. Na yi niyyar in bari, Allah ya sani, tun ranar da aka tsamo yarinyar ban iya buɗe ko ɗaya ba. Amma shekara sha ɗaya, Malam. Ban da mata, ban da gona. Sai na ce in ɓoye su, in ƙone rumfar da tsofaffin jaridu, gari ya ga toka ya huta. Iska ce ta juya."

"Da aka kama Ilyasu fa?" in ji Maman a hankali. "Ita ma iska ce?"

Shamsu ya kalli kwalin da ke ƙasa.

"Na ga sandunan da ke hannun mutane," in ji shi. "Na ji tsoro. Kowace safiya ina cewa yau zan faɗa."

Hayaniya ta tashi a ƙofa. Malam Abdurrahman ya miƙe da sandarsa ya tsaya a bakin zauren.

"Ranar Juma'a kun so ku kashe wanda bai yi ba," in ji shi. "Ya isa. Ni ma da na je masa da maganar wuta ina da nawa kason. Ku ba hukuma hanya."

Aka buɗe hanya. Da za a fita da Shamsu sai ya tsaya gaban Ilyasu. Ilyasu bai dube shi ba.

Jandarma suka mayar da daman cikin buhu, domin alƙali zai nemi ganinsu. Ajidan ya sunkuya ya ɗauki kwalin.

"Shi ma shaida ne," in ji shi.

"Na sani," in ji Maman. "Amma littattafanta na lakwal uban ya ƙone su ranar da ta rasu. Wannan ne kaɗai rubutunta da ya saura."

Ajidan ya ɗora kwalin a gwiwa, ya ɗauki hotonsa da waya, gaba da baya, ya miƙa wa Ilyasu.

Ilyasu ya riƙe shi a juye. Ɗelu ma ba ta san a juye yake ba. Malam Abdurrahman ne ya matso, ya gyara masa shi, ya ɗora masa ɗan yatsa a kan baƙin farko.

"Daga nan ta fara," in ji shi.

Ilyasu ya bi layin da yatsa a hankali, har inda ya ƙare.